Golf Ko Peugeot? A Zo Hanyar Kwadon A Yi Gwajin

Duk inda samari uku suka zauna a garin Gombe, in dai ba hirar ƙwallo suke yi ba, da wuya ka rasa musun mota a bakinsu. Wannan ya ce Golf, wancan ya ce Peugeot, wato Fijo a bakin mutanenmu, kowa kuma da hujjar da ya kwaso a waya. Galibin hujjojin nan daga gwaje-gwajen Turawa ake ɗebo su, inda za ka ga ɗan jarida ya jera ƙananan motoci masu zafin gudu guda uku ko huɗu, ya shiga wannan ya fita, ya shiga waccan, sannan ya yanke hukuncin wadda ta fi. Ni a nawa ra'ayin, ya kai mai karatu, wannan hukunci ba ya cin kasuwa a hanyar Gombe zuwa Kwadon, kuma dogaro da shi yana jawo asarar kuɗi, wani lokaci ma har da ta rai.

Bari mu fara da asalin irin waɗannan motoci. A shekarar 1974 ne kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da Golf, 'yar ƙaramar mota ta zuwa aiki da kai yara makaranta. Shekara biyu bayan haka, a 1976, sai ya fito da wani samfuri nata mai suna GTI, wanda aka sa wa inji mai ƙarfin doki 110 a jikin da nauyinsa bai wuce kilo 810 ba. Daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 a awa cikin kimanin daƙiƙa 9. Kamfanin ya yi niyyar ƙera 5,000 ne kacal, amma sai da ya sayar da fiye da 400,000. Ganin haka sai Faransawa suka ce ba za a bar su a baya ba, Peugeot ya fito da 205 GTI a 1984, daga baya kuma 206 ta biyo a 1998, wadda direban nan ɗan ƙasar Finlan, Marcus Grönholm, ya ci gasar tseren motoci ta duniya da samfurinta na tsere a 2000 da 2002. Tun daga wancan lokaci mujallun Turai suke haɗa waɗannan gidaje biyu kamar yadda ake haɗa 'yan dambe, Kudu da Arewa.

To, me Bature yake aunawa idan ya ce yana gwada mota? Yana auna daƙiƙa nawa za ta yi kafin ta kai 100, da yadda take riƙe kwalta idan an sha kwana da gudu, da ƙarar injinta, da laushin giyarta. Yana da dalilinsa. A Jamus akwai sassan babbar hanya da ba a ƙayyade gudu a kansu ba, akwai kuma filin tsere na Nürburgring mai tsawon kilomita 20 da 'yan kai, inda kamfanoni ke kai sababbin motocinsu su gurje su. Motar da yake gwadawa sabuwa ce ful, tayoyinta sababbi, mutum ɗaya ne ko biyu a ciki, kuma a ƙasarsa doka ta tilasta a riƙa kai tsohuwar mota a duba lafiyarta duk bayan shekara biyu.

Yanzu a dubi abin da ke iso mana. An ƙera Golf 3, wadda ta cika tashoshinmu, daga 1991 zuwa ƙarshen shekarun 1990, ita ce ma ta zama gwarzuwar motar Turai ta shekarar 1992. Ke nan wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25, ta girmi da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla. Ta gama aikinta a Turai, ta hau jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, ta ratsa hannun mutum uku ko huɗu kafin ta zo Gombe. A hanya an cire mata tamostat wai don ƙasarmu da zafi, an haɗa fankar lagireto kai tsaye, an kuma fasa salansa an kwashe abin tace hayaƙin nan da bakanikai ke kira indomi (ɗaliban harshe sai a lura da wannan suna, domin kamannin cikinsa da taliyar ne ya jawo masa shi). Mafi yawansu ma ba GTI ba ne, masu ƙaramin inji ne na 1.6 ko 1.8. Haruffan nan uku da kake gani jajaye a bayan but, sau da yawa a wurin mai kayan kwalliyar mota aka saye su aka manna.

Ita kuwa hanyar, duk wanda ya san Kwadon ya san abin da nake nufi. Gari ne a Ƙaramar Hukumar Yamaltu Deba, a kan titin da ya tashi daga Gombe ya bi ta Dadin Kowa ya nufi Biu a Jihar Barno, kuma kasuwarsa ta kayan gwari ta yi suna. Lokacin kakar tumatir da tattasai da albasa, bakin titi yakan cika maƙil: ga kwanduna an jera, ga manyan motoci suna lodi, ga babura da Keke Napep suna kutsawa, ga yara masu talla suna tsallakawa ba duba, ga kuma garken shanu da ba ruwansa da hon. Mai gwajin mota na Turai bai taɓa sa ko ɗaya daga cikin waɗannan a lissafinsa ba.

Na samu damar tuƙa motocin biyu a wannan hanya, Golf 3 ta kawuna da kuma 206 ta wani abokin yayana, kuma ba zan ɓoye ba, 206 ta fi daɗin hannu. Sitiyarinta ba nauyi, da ka taɓa totur ta amsa, wurin juyawa a cikin cunkoso kuwa sai ka ce kyanwa. Da a ce ni ɗan jaridar Turai ne, da nan take na ba ta kambu. Amma da muka ɗauki mutum huɗu da buhun albasa guda, sai labari ya sha bamban. Bayanta ya zauna, kowane tudun rage gudu sai an bi shi a karkace ana jin ƙasanta na gogar kwalta. Bugu da ƙari tana da wata lalura da masu ita suka sani sarai: idan boris ɗin gindin ƙafafun baya ya cinye, sai ka ga tayoyin sun kwanta ciki kamar mai gwame, gyaran kuma ba na kowane gareji ba ne. Golf kuwa nauyi gare ta, ba ta da wannan rawar kai, amma da kaya da babu kaya tafiyarta kusan ɗaya ce, kuma duk bakaniken da ka tsaya wurinsa, daga Gombe har Biu, ya san cikinta kamar yunwar cikinsa.

Sai dai fa wannan juriya ta Golf ita ce ta zame mata jarrabawa. Motar da aka ƙera don mutum biyar, ita ce ake sa wa fasinja biyu a gaba, huɗu a baya, a ɗaure but a buɗe da igiya saboda kwanduna, sannan direba ya take ta kamar yana filin Nürburgring. A nan ne nake ganin musun gudu ya daina zama wasa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafar direba ta tashi daga totur ta sauka a kan birki ya riga ya wuce tsawon gidaje biyu. Kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkawa yake yi sau huɗu. Wannan lissafi na mota mai lafiyayyen birki ne da sababbin tayoyi. Ina ga mai tayoyin gwanjo da shokozoba da ya mutu tun tuni? Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari, kuma a 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Mai karatu shi ne shaida kan ko nawa ne daga cikin motocin da yake shiga suke da ita.

Wani zai ce, to ai ke nan gwajin Turawa ba shi da wani amfani a wurinmu. Ban ce haka ba. Gwajin karo da hukumar Euro NCAP ta fara a 1997, inda ake rafka sabuwar mota da bango a ga abin da zai sami na ciki, ilimi ne da ya kamata kowane mai saye ya nema, kuma abin mamaki shi ne ban taɓa jin an kawo shi a musun majalisa ba. Haka nan tarihi ya nuna cewa idan Bature ya gwada motarsa a ƙasarmu, sakamakon yakan yi ma'ana. Peugeot 504 ta ci gasar Safari ta ƙasar Kenya a 1975, a cikin ƙura da taɓo, kuma a wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki. Iyayenmu da suka riƙe 504 shekara da shekaru ba mujalla suka karanta ba, hanya ce ta gaya musu.

Saboda haka wanda ya tara kuɗinsa zai sayi ɗaya daga cikin ƙananan motocin nan, shawarata ita ce kada ya yarda da zagayen da dillali zai yi da shi a kan shimfiɗaɗɗen titin cikin gari, rediyo na tashi. Ya je da sassafe ya tayar da injin da sanyinsa, ya ga kalar hayaƙin. Ya ɗauki bakanikensa, ba na dillali ba, da wasu mutum biyu a baya, su kama hanyar Kwadon. A kashe rediyo a saurari ƙafafu. A sami wurin da ba kowa a taka birki da ƙarfi a ga ko za ta ja gefe guda. A tsaya cikin cunkoson kasuwa da tsakar rana na minti goma sha biyar ana kallon allurar zafi. A duba shekarar da aka buga a jikin kowace taya. A kuma cika tanki kafin tafiya, a sake cikawa bayan an dawo, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da mota ke sha ya fi abin da take gudu muhimmanci ga aljihun ɗalibi da na malaminsa baki ɗaya.

Idan aka matsa mini sai na zaɓa, to ga mai zirga-zirga shi kaɗai tsakanin gida da makaranta, 206 mai ƙaramin inji ta wadatar, muddin an ɗaga ta an duba ƙafafun bayan nan kafin a biya. Ga wanda kuwa zai riƙa ɗaukar iyali da kayan gona zuwa Dadin Kowa, Golf zan ce, kuma mai injin 1.8, ba VR6 mai silinda shida ba, wadda in wani abu ya lalace a cikinta sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, motar kuma ta yi mako guda a gareji tana jiran saƙo.