Keken farko a birnin Zazzau: a tambayi mai gyara kafin mai sayarwa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya sauya a gidajen ma'aikata. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 600 cikin wata biyu, ta kuma zarce 1,000 kafin ƙarshen 2024, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin wannan shekarar naira 70,000 ne. Malamin da ke zaune a Kwarbai yana aiki a Kongo, ko ma'aikacin da ke fita ta Ƙofar Doka zuwa Tudun Wada kullum, ya soma kallon keke da idon da bai taɓa kallonsa da shi ba. A 2001 an yi wa Ministan Sufuri Ojo Maduekwe dariya da ya ce a koma hawa keke. Yau aljihu ne ke maimaita maganarsa.

Sai dai mai ƙaramin ƙarfi sau ɗaya yake da damar saye. Idan ya yi kuskure, keken zai ƙare a jingine a zaure, kuɗin kuma sun tafi. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne keke ruwa-biyu, wanda ya ɗauko sauƙin gudu daga keken tsere, ya ɗauko miƙaƙƙen kai da juriya daga keken hawan duwatsu. Hanyoyin birni su ma ruwa-biyu ne: kwalta daga Babban Dodo zuwa ƙofofi, sannan lunguna masu ƙasa, yashi da kwatami, waɗanda ke zama taɓo a watan Agusta. Siririyar tayar tsere ba ta jure wannan, mai manyan ƙuraje kuwa tana cinye ƙarfin mahayi a kan kwalta. Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 40 ita ce tsaka-tsakin da ake bukata.

Babban tarkon da ke gaban ɗan boko shi ne sabon keke mai arha da ƙyalƙyali, mai sifirin gaba da baya da giya 21. A irin wannan farashi, sifirin nauyi kawai yake ƙarawa, ƙurar hunturu ta shige shi ya daskare, giyar kuma ta fara tsallake kaca tun fentin bai dushe ba. Zariya ba gari ne mai tsaunuka ba, giya bakwai sun wadatar. Keken gwanjo mai lafiyayyen ƙarfe, da giyar Shimano da birkin roba mai kama gefen rim, ya fi sabon da aka ƙera don ya burge ido a shago. Birkin da ke aiki da mai yana da kyau, amma ranar da ya zube, waya da filaya ba za su gyara shi ba.

Daga nan ne ƙa'idar ta fito: kafin a je wurin mai sayarwa, a fara zama da mai gyaran keke na unguwa, a tambaye shi kayan da yake samu cikin sauƙi. Akwai wani ruɗani da ya kamata a sani. Tayar tsohon baƙin keke da ake kira inci 28, rim ɗinta milimita 635 ne. Ta ruwa-biyu, mai lamba 700C, ita ma wani lokaci ana rubuta mata 28, amma rim ɗinta 622 ne, kuma ɗaya ba ta shiga ɗaya. Idan 700C na da wuyar samu a kusa, ruwa-biyu mai taya inci 26 ya fi kwanciyar hankali. Haka bakin tub: mai kauri irin na babur kowane mai faci zai ba shi iska, siririn kuwa sai da famfonsa.

Girma ma ba abin wasa ba ne. Mutum ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, ya ga akwai 'yar rata tsakaninsa da sanda. Idan ya zauna a sirdi feda na ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. A duba mahaɗar ƙarfe ko akwai tsaga ko sabon walda a ƙarƙashin fenti, a juya taya a ga ko tana layi. Mai sa doguwar riga ya nemi murfin kaca da makarin taɓo, domin a shiga ofis da tsabta. Kada kuma a zuba duk kuɗin a keken. A ware kamar kashi ɗaya cikin biyar don kwaɗo mai ƙarfi, fitila, hular kwano da tub na ajiya.

Masu kare baƙin keke irin Raleigh, Phoenix da Hero suna da hujja: kayansa na ko'ina, yana ɗaukar buhu, kuma ya yi wa iyaye da kakanni hidima. Wanda tafiyarsa ba ta wuce kasuwar birni da gona ba, shi ya fi masa. Amma nauyinsa da rashin giya kan gajiyar da mai tafiyar kilomitoci safe da yamma, birkinsa kuma yana rauni idan rim ya jiƙe. Akwai kuma iyakar da ba keken da ke kawar da ita: hanyar Samaru da Shika ta Kwangila cike take da manyan motoci, sabon mahayi bai kamata ya fara da ita ba.

Abin da ya rage shi ne kunya, wato tsoron a ce wane ya koma keke. Amma wanda ke kashe naira 1,000 a kuɗin abin hawa kowace ranar aiki, yana fitar da fiye da 20,000 a wata, kusan sulusin mafi ƙarancin albashi. Masu dariyar ba su ne za su biya masa kuɗin makarantar yara ba.