WAIWAYE ADON TAFIYA: Shekarar da aka haɗa Daura, aka kuma raba ta

Duk ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya daga Magariya ya nufi Kano, tilas ya tsaya Tinkim ya nuna takardu ga ma'aikatan duwan, sa'an nan ya ƙetara zuwa Babban Mutum cikin ƙasar Ɓaure, a ce masa ya shiga wata ƙasa. Haka wanda ya koro shanu daga Dungas zuwa kasuwar Maigatari ta ran alhamis. Amma da za a tayar da wani dattijo na zamanin da, a gaya masa mutumin Magariya baƙo ne a Ɓaure, da sai ya riƙe baki, domin gida ɗaya ne ya haifi sarautun nan biyu, wato gidan Daura.

Ƙasashe da yawa suna da ranar da suke tuna haɗuwarsu bayan rabuwa. Jamus ta gabas da ta yamma sun koma ƙasa guda ran 3 ga watan oktoba 1990. Nijeriya ta gama yaƙin Biyafara ran 15 ga watan janairu 1970, Janar Yakubu Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. A Nijar ma, ran 24 ga watan afirilu 1995 aka sa hannu a Yamai bisa yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin gwamnati da ƴan tawayen arewa. To, mutanen gundumomin Magariya da Dungas su ma suna da tasu shekarar tunawa, ita ce 1906, ko da yake ba a buga mata tambari, ba a ba da hutu dominta.

Asalin maganar ya faro daga jihadin Shehu Usumanu ɗan Fodiyo na 1804. A 1805 Malam Isiyaku, mai riƙe da tutar Shehu, ya kewaye birnin Daura har ya ci shi. Sarkin Daura na lokacin, wanda aka sani da Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa ya yi arewa. Masu ba da tarihin fada sun ce ya zauna Kwargwam, ya zauna Mirya, ya ƙare kwanansa a Yekuwa, garin da ke cikin gundumar Magariya yau. Magadansa ba su taɓa yarda da an karɓe musu gari ba, amma su ma ba su zauna baki ɗaya ba. Wani reshe ya kafa Zango, wani ya kafa Ɓaure, gidan sarautar Magariya kuma daga nan yake ƙirga asalinsa. Aka wayi gari da Daura uku: ta Fulani cikin birni, ta Zango, da ta Ɓaure, kowane sarki yana cewa shi ne magajin Bayajida.

Shekara ɗari aka yi a haka. Daura ta birni tana kai gaisuwa Sakkwato, Zango da Ɓaure suka shiga ƙarƙashin inuwar Damagaram, wadda a zamanin Sarki Tanimun ta yi ƙarfin da har bindigogin igwa ake ƙera mata a gida. Garuruwan Sosebaki, wato Dungas da Waca da Mirya, su ma suka koma hannunta. Ƙasar da ke tsakanin Damagaram da Kano ta zama hanyar mayaƙa. A 1898 Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano, zamanin Sarki Alu, aka gwabza a Gezawa, aka sake gamuwa a Tattarawa. Sunayen sarakuna tarihi ya riƙe, amma wanda ya biya kuɗin yaƙin shi ne manomin da aka ƙone masa rumbu, da matar da aka kama ɗanta aka kai kasuwar bayi, da falken da aka tare masa ayari.

Zuwan Turawa ya sauya komi. Faransawa sun shiga Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903. A 1906 Ingilishi suka sauke Murnai, sarkin Daura na Fulani na ƙarshe, suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka zaunar da shi cikin birnin kakanninsa, aka mai da Daura uku ta koma ɗaya. Wannan abu ne da ba su yi ba a Katsina ko Zariya, domin zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina suna Maraɗi har yau, na Zazzau suna Suleja. Malam Musa ya rasu a 1911, ɗansa Abdurrahman ya gaje shi, ya yi shekara 55 bisa karaga.

Sai dai a cikin wannan shekara ta 1906, ran 29 ga watan mayu, wakilan Faransa da na Ingila suka sa hannu a birnin Landan bisa takardar da ta tsai da iyaka tsakanin kogin Kwara da tabkin Cadi, bayan waɗanda suka yi a 1898 da 1904. Daga nan Kaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji har 1908 suna kafa alamomin da mutanen ƙauye suka raɗa ma suna tangaraho. Layin ya bar Daura da Zango da Ɓaure a hannun Ingilishi, ya bar Magariya da Yekuwa da Kwargwam a hannun Faransa. Ke nan hannun da ya haɗa karaga, shi ne ya tsaga ƙasa. Garin da ya ba Sarkin Gwari Abdu masauki ya kwana wata ƙasa dabam da birnin da aka mai da zuriyarsa. Wani Ba'amurke mai suna William Miles, wanda ya taɓa koyarwa a Magariya, ya rubuta littafi sukutum, wanda ya fito a 1994, bisa Yekuwa da ƴar'uwarta Yardaje ta Nijeriya, yadda garuruwa biyu maƙwabta, masu harshe ɗaya da addini ɗaya, suka koyi mulki iri biyu.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Takardar Bature tana iya naɗa sarki, amma ba ta iya cire ƙiyayyar shekara ɗari daga zukata. Wa ya sasanta Bahaushen Zango da Bafulatanin birni? Wa ya sasanta Badamagare da Bakano? Ba wani taro aka kira ba, ba wata hukuma aka kafa ba. Kasuwa ce ta yi aikin, da aure, da allon makaranta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya gyaɗar Magariya ta riƙa bin hanyar da mayaƙa suka bi, buhu bisa buhu, zuwa birnin da aka taɓa kai ma yaƙi. Samarin da suka guje ma aikin tilas na Faransa, wanda ba a soke shi ba sai 1946, wajen dangi suka fake a ƙetaren tangaraho. Masu cin rani da almajirai suka yi kudu, dillalan shanu suka yi arewa, kowa ya samu mai masauki, mai masauki ya zama suruki. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma da ƙafa aka gina wannan sulhu. A cikin Daura kanta, a 2021, Sarki Umar Faruk Umar, na gidan Malam Musa, ya naɗa ma ɗan Muhammadu Buhari, jikan Bafulatani, rawanin Talban Daura, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Amma abin da ƙafa ta gina, alƙalami yana iya girgiza shi. A watan afirilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya, daidai shekarar da damina ta ƙi, har talakawan Nijar suka raɗa ma yunwar wannan lokaci suna El-Buhari. Ba a buɗe ba sai 1986. An sake rufewa daga watan agusta 2019 zuwa disamba 2020. Mafi muni ya zo bayan juyin mulkin 26 ga watan yuli 2023, sa'ad da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba ma Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, aka kuma fara maganar kawo sojoji. Motocin kaya suka yi layi, albasa ta ruɓe, magani ya yi tsada, mutanen bakin iyaka suka kwana da tunanin cewa idan wuta ta tashi, a gonakinsu za ta fara ci, kamar yadda ta ci a gonakin kakanninsu.

A cikin wannan hali ne aka ga wani abu da ya isa a rubuta. Ran 9 ga watan agusta 2023, Muhammadu Sanusi na biyu, ɗan gidan Dabo na Kano, gidan da Sarki Alu ya fito, ya isa Yamai ya gana da Janar Abdurahaman Tiani, kuma wanda ke tare da shi a wannan ganawa shi ne Sarkin Damagaram Abubakar Sanda Umaru. Gidaje biyu da suka fuskanci juna da mashi a 1898, bayan shekara 125 suka shiga ƙofa ɗaya neman a kashe wuta. Ƴan majalisar dattawan arewacin Nijeriya da malamai su ma suka ƙi yarda da yaƙi. An janye takunkumin a watan fabrairu 2024, an buɗe iyaka a watan maris. Nijar ta fita daga CEDEAO a watan janairu 2025, amma a watan yuli na wannan shekara, da aka kawo gawar Buhari Daura, faraminista Ali Lamin Zen na cikin waɗanda suka zo jana'iza. Mutumin da ya rufe iyaka sau biyu, mutanen ƙetaren iyaka sun zo sun raka shi makwancinsa. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma baki ɗaya suke kwana.

Darasin 1906 ke nan. Haɗuwar da aka yi bisa takarda rabi ce, domin ta mai da sarki gida ta bar dangi a waje. Sulhun da ya ɗore shi ne wanda talakawa suka yi da kansu, kuma kullum sai an sabunta shi. Ɗan kasuwa yana sabunta shi ran da ya biya bashin mai masaukinsa na Maigatari bisa alkawari, ko da naira ta faɗi, ko da sefa ta hau, da ran da ya ƙi ɗaukar makami ko miyagun ƙwayoyi cikin buhun gero. Ma'aikacin gwamnati yana sabunta shi ran da ya karɓi abin da doka ta ce, ya ba da rasit, ya bar tsohuwa mai zuwa sunan jikanta ta wuce ba da wulaƙanci ba. Iyaka ta ƙasa ce, tsaronta wajibi ne, ba mai musun haka. Amma wanda aka ba tsaron shingen Tinkim ya san cewa ba ƙofar abokin gaba yake gadi ba, zauren gida ne da tarihi ya raba shi biyu.

Saura malaman makaranta. Yaron Yekuwa yana iya haddace ranar da katangar Balin ta faɗi a 1989, amma bai san sarkin Daura ya taɓa zama garinsu ba. Wanda bai san an taɓa yaƙi ba, ba zai san darajar zaman lafiya ba, har ya yarda cewa ya fi zama ɗan sarki. Allah shi jiƙan magabata, waɗanda suka ci da waɗanda aka ci, shi kuma kiyaye zumuncin da suka bari.