ƘARFIN HANNU BA A SAYENSA A KWALBA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, akwai wani al'amari da ya kamata malamai da 'yan kasuwa na ƙasar Gwandu su duba da idon basira. Daga Diggi zuwa Kalgo, da wuya kasuwa ta ci ba a ji mai tallan maganin ƙarfi ba, samari suna ba da kuɗin guminsu don hannunsu ya yi ƙarfi. Lalle wannan ciniki ne na hasara.

Neman ƙarfin hannu ba abin zargi ba ne. Da shi manomi ke riƙe fartanya a fadama, masunci ya ja taru, malami ya riƙe alƙalami. Malam Abdullahi na Gwandu da kansa ya wallafa Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki. Likitoci ma sun shaida muhimmancinsa. A shekarar 2015 mujallar Lancet ta Ingila ta buga binciken da aka yi kan mutum wajen 140,000 a ƙasashe 17, aka ga duk raguwar kilo 5 a ƙarfin riƙon mutum tana tafe da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin ɗari. Ashe hannu ma'aunin lafiyar jiki ne duka.

Amma fa tsoka ba ta ƙaruwa sai an ɗora mata nauyi, ta huta, ta sami abinci. Kabawan da ke kama kifi a bikin Argungu, wanda aka fara a 1934, ba ƙwaya ta ba su damtse ba. Jan koma ne da tuƙin jirgi. Wanda sana'arsa ta zama ce, kamar mai karantarwa ko mai tsaron kanti, sai ya ja guga a rijiya, ya ɗauki bokiti biyu cike da ruwa ya yi 'yar tafiya, ya matse ƙwallon roba, ko ya kama reshe mai ƙwari ya yi lilo kaɗan. A yi haka kwana biyu ko uku a mako, ana ƙara nauyi sannu sannu. Abincin kuwa yana nan kusa: wake, ƙuli-ƙuli, kifi, nono da ƙwai.

Ƙwayar tramadol ba ta ƙara ƙarfi, sai dai ta ɓoye gajiya da ciwo. Mai shanta yakan kamu har ya kasa bari, wani ma ta jefa shi cikin jijjiga kamar farfaɗiya. Irin wannan ɓarna ce ta sa Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin a 2018. Ɗan kasuwa mai tsoron Allah kada ya sayar da abin da babu lambar hukumar NAFDAC a jikinsa, kada kuma ya faɗi amfanin da bai tabbata ba, domin wannan algus ne kamar tauye mudu.

Gargaɗi ɗaya: in hannu guda ya mutu farat ɗaya, ko baki ya karkace, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce; a garzaya asibiti nan take. Malamai su faɗakar da almajirai, attajirai su tsarkake hajarsu. Allah Ya ba da lafiya mai amfani, amin.