Raddi Ga Masu Cewa Makaho Ba Ya Ƙifta Ido

Wata magana ta daɗe tana yawo a majalisu da tashoshin mota. Wai ido yana ƙiftawa ne don ya huta da haske, saboda haka makahon gaskiya ba ya ƙiftawa, wanda kuma aka ga yana ƙiftawa makahon ƙarya ne, son banza ya fito da shi bara. Da wannan guntun sanin ake hana bayin Allah sadaka, har a bi su da baƙar magana.

Tushen maganar ne ruɓaɓɓe. Wa ya ce haske ke sa ƙiftawa? Mai ido ya shiga ɗaki mai duhu ƙirin ya zauna, ya ji ko fatar idonsa za ta daina motsi. Baligi yana ƙiftawa kamar sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, kowace ƙiftawa ba ta kai rabin daƙiƙa ba, kuma babban aikinta shi ne shafe ido da hawaye. Hawayen nan hawa uku ne: mai yauƙi a ƙasa, ruwa a tsakiya, maiƙo a sama wanda ke hana ruwan saurin bushewa. Fatar nan mai kama da gilashi da ke rufe baƙin ido ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, mafi yawan iskar oksijin da take rayuwa da ita daga iska take samu ta cikin hawaye. In ta bushe sai ta yi gyambo, gyambon ya bar hakiya. To, idon makaho ba nama ba ne? Ƙurar hunturu tana tambayar ido ko yana gani kafin ta faɗa masa?

Ilimin jijiyoyi ma ya ƙaryata su. Likitoci sun ƙirga jijiyoyi 12, biyu-biyu, da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Ta 2 ce ke ɗaukar gani. Ta 5 ce ke jin abu ya taɓa ido, ta 7 kuma ita ke rufe fatar ido. Hawan jinin ido na iya kashe ta 2 murus, sauran biyun su ci gaba da aikinsu lafiya lau. Wanda bai san wannan ba, me ya kai shi yanke wa mutum hukuncin maƙaryaci?

Ƙasar Hausa ta san abin da rashin ƙiftawa ke yi, domin ta san kuturta. Cutar kan taɓa jijiya ta 5 da ta 7, ido ya kasa rufuwa, ya daina jin tsakuwa a cikinsa, ya bushe, mutum ya makance. Haka shanyewar ɓarin fuska da ake kira da sunan likitan Sikotlan, Charles Bell: mai ita yana gani sarai, amma sai an riƙa ɗiga masa magani, a manne fatar idon da dare. Ga mai gani da ba ya iya ƙiftawa, ga makaho mai ƙiftawa. Ina ƙa'idar tasu ta tsaya?

Abu ɗaya suka riƙe mai ƙamshin gaskiya. Wanda ba ya ganin komai ba zai ƙifta don an kai masa hannu ba. Amma masu wannan gwajin na wulaƙanci sukan kaɗa masa iska da hannun nasu, ido kuwa yana jin iska. Makafi da yawa kuma suna rarrabe haske da inuwa, musamman masu yanar ido.

Batun hutu kuwa, binciken Tamami Nakano ta Jami'ar Osaka a Japan, a 2013, ya nuna hankali ne ke ɗan sararawa a lokacin ƙiftawa. Makaho ma yana da hankali.

Mai son sanin ko mutum yana gani, ya kama hannunsa ya kai shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. In yanar ido ce, aiki na iya dawo masa da ganinsa.