Zumunci a Beijing, Ciniki a Kwari

Ranar da muka shiga Kantin Kwari haɗa lefen ƙanina, ni aka ɗora wa riƙon jaka, Gwaggo kuma ita ce mai zaɓe. Kafin la'asar mun cika akwati uku: atamfa turmi 12, shadda, leshi, mayafai, har da zanen gado. Muna zaune a shagon ƙarshe ana ɗaure mana kaya sai na tambayi mai shagon, wani dattijo mai furfura, ko a cikin abin da muka saya akwai wanda aka saƙa a Najeriya. Ya dube ni kamar na nemi ya ba ni canji da kuɗin wuri.

"Malam," in ji shi, "ko akwatin ma daga Chana ya zo."

Gwaggo ta yi dariya, don ita farashi ne damuwarta, kuma ta samu rangwame. Ni dariyar ba ta zo min ba. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, da albashin masaƙa aka biya min kuɗin makaranta, kuma na san ranar da ya dawo gida da rana tsaka bai sake komawa ba.

Duk shekara uku shugabannin Afirka kan haɗu da na ƙasar Sin a taron da aka fara a Beijing a shekarar 2000. A na watan Satumban 2024, Shugaba Xi Jinping ya yi alƙawarin yuwan biliyan 360, kimanin dala biliyan 50, cikin shekara uku. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto, kowa ya koma gida yana maimaita kalmomin da aka saba: zumunci, 'yan'uwantaka, cin moriyar juna. Da waɗannan kalmomin nake rigima. Abin da ke tsakaninmu da Sin ciniki ne, kuma wanda ya shiga kasuwa yana ganin gidan ɗan'uwansa ya je, kunya za ta hana shi taya kaya. Sinawa sun san kasuwa suka zo. Namu ne ke tafiya da ƙoƙon bara a hannu ɗaya, takardar jawabin godiya a ɗaya hannun.

Mu koma Kaduna. A 1957 gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar KTL tare da wani kamfanin Ingila, don audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi ta zama yadi a gida maimakon a yi ta lodinta zuwa Manchester. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, masaƙar da ta fi kowace girma a garin, wato UNTL, Basine ne ya kafa ta a 1964: Cha Chi Ming, attajiri daga Hong Kong. Ashe Basinen farko da ya yi suna a harkar yadi a Arewa da injin saƙa ya zo, ya ɗauki 'ya'yanmu aiki, ya sayi audugarmu. A shekarun 1980 Najeriya na da masaƙu fiye da 100, kuma in ka cire gwamnati, da wuya ka samu wanda ya kai su yawan ma'aikata. KTL ta rufe a 2002. UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Sharaɗa da Bompai da Chalawa suka cika da manyan gine-gine da ba kowa ciki sai jemagu.

Me ya canza tsakanin Basinen da ya zo da inji da wanda ya zo da kwantena? Halin ɗan kasuwa bai canza ba, inda riba take nan yake bi. Ƙasar ce ta canza. Wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin man da ake hura tukunyar masaƙa da shi ya yi tsada ya kuma yi wuya, irin auduga ya lalace, injina suka tsufa ba a sabunta ba. Gwamnati ta riƙa hana shigo da yadi a takarda, alhali dila-dila na sauka a Kwatano, ya bi ta Maraɗi, ya shigo ta Jibiya, a kan idon waɗanda ake biya albashi don su tsare iyaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon da hannunmu muka tsaga shi.

Akwai wata gaskiyar da ba a son faɗa a Kwari. Kafin Sinawa su buɗe rumbunan ajiya a Kano, fatakenmu ne suka fara hawa jirgi zuwa Guangzhou da samfurin atamfa a jaka, suna cewa a buga musu irinta a rabin kuɗi. Su suka nuna wa masaƙun can launin da matan Hausawa ke so, da zanen da ke tafiya lokacin sallah. Da mai masaƙa ya gane hanya, sai ya ga ba dalilin da zai bar ɗan tsakiya ya ci riba, ya biyo kayansa da kansa. Nan ne aka fara kuka. A 2012 hukumar shige da fice ta kama 'yan kasuwar Sin da dama a Kano bisa zargin yin cinikin da takardunsu ba su ba su izini ba. A 2015 marina suka yi jerin gwano zuwa fadar Sarkin Kano, suna ƙorafin cewa rinannen yadin da ake bugowa da inji daga Sin ya kashe musu sana'a. Kukansu gaskiya ne. Wanda ya tsaya a bakin karofin Ƙofar Mata ya ƙirga ramukan da ke aiki da waɗanda suka cika da shara ba ya buƙatar a yi masa bayani. Amma kame da jerin gwano ba su kunna inji ko ɗaya ba.

Na san abin da masu yabon wannan hulɗa za su ce, kuma ba ƙarya suke ba. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a 2016, kamfanin Sin ne ya gina shi da rancen dala miliyan 500 daga bankin Sin. Haka layin Legas zuwa Ibadan, haka tashar jiragen ruwa ta Lekki, haka madatsar ruwa ta Zungeru. Matatar mai ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, ita ta sa Nijar ta fara tace man kanta. Wayar Tecno da itel ta shiga hannun mai shayi da mai tura ruwa. Babur mai arha ya ciyar da gidaje, farantin sola ya haska ƙauyukan da turakun lantarki ba su taɓa zuwa ba. Gwaggona ma, da ba don atamfar Sin ba, da lefen nan akwati ɗaya zai tsaya. Turawan da ke yi mana wa'azin hattara da Sin sun yi shekara da shekaru a nan, kuma layin dogon da suka shimfiɗa zuwa Kano a 1911 gyaɗa da auduga ya yi ta kwasa zuwa bakin teku. Ba su da bakin magana.

To amma a duba lissafi. A 2024 cinikin Sin da Afirka ya kai kimanin dala biliyan 295, kuma abin da Sin ta sayar mana ya zarce abin da ta saya a hannunmu da sama da dala biliyan 60. Me muke sayar mata? Ɗanyen mai, tagulla, ƙarafa, riɗi, katako, har da fatar jaki, wadda sai da Tarayyar Afirka ta haramta cinikinta a 2024 saboda jakunan nahiyar na neman ƙarewa. Me take sayar mana? Duk abin da hannu ya sarrafa, daga allura zuwa kan jirgin ƙasa. Tun a 2013 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya rubuta a jaridar Financial Times cewa kwasar ɗanyen kaya a dawo maka da sarrafaffe shi ne ainihin tsarin da mulkin mallaka ya tsayu a kai. Shekara fiye da goma ke nan, kuma siffar cinikin tana nan yadda ya bayyana ta.

Su kuma masu cewa Sin dodo ce da ta ɗana mana tarkon bashi, ina ganin sauƙi suke nema wa kansu. Abin da Bankin Duniya da masu riƙe da takardun lamuni a kasuwannin Turai ke bin Najeriya ya ninka na Sin. A 2020 Majalisar Wakilai ta tayar da ƙura cewa an jinginar da 'yancin ƙasa a wata yarjejeniyar rance da Sin. Sharaɗin da suka gani ba baƙo ba ne a irin waɗannan yarjejeniyoyi. Abin kunyar shi ne, wakilan jama'a sai bayan an sa hannu da daɗewa suka san abin da takardar ta ƙunsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Darasin da ya kamata mu ɗauka yana cikin tarihin ita Sin ɗin. Lokacin da Deng Xiaoping ya buɗe ƙofa daga 1978, Sin matalauciya ce, tana neman jari ido rufe. Duk da haka ba ta bar baƙo ya shigo yadda ya ga dama ba. Da Volkswagen ta so shiga kasuwar a 1984, sai da ta haɗa gwiwa da kamfanin gida a Shanghai, kuma shekaru da dama doka ba ta bar kamfanin mota na waje ya mallaki fiye da rabi ba. A 2004, da Sin ta tashi gina jirgin ƙasa mai gudun tsiya, ta gayyato kamfanonin Japan da Faransa da Jamus da Kanada, ta ce kowa ke son kwangila sai ya miƙa fasaha, a ƙera a cikin gida, a horar da injiniyoyin gida. Yau tana da irin wannan layi sama da kilomita 40,000, da jiragen da ta ƙera da kanta. Mu kuwa an gina mana layi, an kawo taragu a shirye, mun yanka kintinkiri. Sharuɗɗan da muke karɓa daga Sin, ita ba ta taɓa karɓar irinsu daga kowa ba.

Kada a ce Basine ba ya jin magana. Firayim Ministan Habasha, Meles Zenawi, ya je Sin a 2011 ya nemi masu ƙera takalma su zo inda fata take. Farkon 2012 kamfanin Huajian ya buɗe masana'anta kusa da Addis Ababa, ya ɗauki dubban Habashawa aiki. Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel a 2020, kamfanonin Sin ba su yi fushi sun tafi ba, can suka gina wuraren narkar da shi. A watan Maris na 2025 Nijar ta kori wasu manyan jami'an kamfanonin man Sin guda uku kan tazarar albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa, kuma man bai daina gudana ba. Kano, wadda Turai ta yi ƙarni tana sayen jan fatarta da sunan fatar Maroko, wa ya je ya yi mata irin cinikin da Meles ya yi wa ƙasarsa?

Shi ma zumuncin a gwada shi. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou, wasu suka kwana a titi, har sai da Kakakin Majalisar Wakilai Femi Gbajabiamila ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyon. Ban kawo wannan don a tsani kowa ba. Basinen da ke cin tuwo a Kano yana ciniki da Hausa baƙonmu ne, yana da haƙƙin baƙo, kuma duk wanda ya taɓa shi don fushin abin da gwamnati ta kasa yi azzalumi ne. Na kawo shi ne don a san cewa mutuncin ɗan ƙasa a waje daidai yake da nauyin ƙasarsa a wurin ciniki.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Duk yarjejeniyar rance a buga ta jama'a su karanta kafin a sa hannu, a fassara ta da Hausa da sauran harsunanmu, tunda jikokinmu ne za su biya. Duk kwangilar da ta kai wani girma a rubuta a ciki adadin injiniyoyin gida da za a horar da kayan da za a ƙera a nan. Wanda ke son kasuwar Kwari, kasuwar da ke tufatar da mutane daga Agadas har Njamena, a ce masa bayan shekara kaza sai ya kafa masaƙa a Chalawa ya sayi audugar Funtuwa. Kafin a faɗa masa haka kuwa, sai an ba Chalawa wuta, an kuma toshe kafar Jibiya, in ba haka ba dariya zai yi mana, kuma yana da gaskiya.

Mu ma masu alƙalami akwai namu kason. Tun 1963 gidan rediyon Sin ke magana da Hausa, kuma a jami'o'in Beijing ana koyar da harshenmu. Sun san karin maganarmu, sun san abin da muke so mu ji. Mu nawa ne a cikinmu za su iya karanta shafi ɗaya na kwangila da Sinanci? Marubuta nawa ne suka zauna da tsofaffin ma'aikatan Kakuri suka rubuta abin da ya same su, kafin su ƙare? Mahaifina ya rasu da katin shaidar aikinsa a cikin aljihun tsohuwar rigarsa, yana cewa wata rana za a kira su.

An kai lefen ƙanina, dangin amarya sun yaba, an yi guɗa. Gwaggo ta ce in daina ɓata rai a kan abin da ya wuce. Na ce mata ban da ja a kan atamfar, kyakkyawa ce kuma ta yi araha. Tambayata ɗaya ce: yaron da za a haifa a gidan nan, in ya girma, wace sana'a zai yi ya samu kuɗin haɗa nasa lefen?