Uwargida, Kada A Yi Wa Sola Wanka Da Tsakar Rana

'Yan'uwana mata, na ji ana ta cewa a riƙa kwara wa faifan sola ruwa da tsakar rana don ya ƙara ba da wuta. Maganar da ƙamshin gaskiya. Masu ƙera shi suna auna ƙarfinsa ne a zafin digiri 25, alhali kuwa a watan Afrilu yakan kai digiri 60 a bisa kwano, har ya rasa wajen kashi 15 cikin 100 na wutarsa.

To, amma ina ruwan? Ke da kike sayen jarka wurin ɗan garuwa, ga girki ga wanki, za ki zubar da bokiti guda wanda kafin ki juya ya bushe, faifai ya koma gidan jiya? Ga shi ruwan sanyi bisa gilashi mai zafi yana iya tsaga shi, in ya tsage kuwa sai maigida ya nemi sabo.

Ni dai shawarata, a goge masa ƙura da sassafe da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi, balle da hunturu. Ki kuma tuna wa maigida a ɗan ɗaga faifan daga kwano don iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinsa. Hawa rufin kuwa, don Allah kada a tura yara.