Bayan shinkafar agaji, wa ke mai da rufin ɗaki?

Ran 29 ga watan Agusta na 2005 guguwar Katirina ta faɗa wa gaɓar kudancin Amurka. Katangun tare ruwa na birnin Niyu Orliyans, wanda Faransawa suka kafa a 1718, suka ɓalle, ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin 100 na garin, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Wannan kowa ya gani a talabijin. Abin da muke son jawo hankalin masu karatu a kansa ya faru ne bayan ƴan jarida sun naɗe kayansu.

A 2009, shekara huɗu ke nan da masifar, matan zuhudu na majami'ar Katolika, waɗanda ake ce wa sista, suka fara taruwa daga jihohi dabam-dabam suna zuwa aikin mako guda, tare da ƙungiyar St. Bernard Project da aka kafa a 2006 don mai da mutane gidajensu. Da yawansu malaman makaranta ne da masu jinya, furfura ta riga ta kama kai. Ba wa'azi ya kai su ba. Gidajen can na katako ne da allunan farar ƙasa, in ruwa ya kwana a ciki sai bango ya yi funfuna ya ruɓe. To aikin shi ne a kafa sabon allo, a goge, a shafa fenti, a shimfiɗa daɓe. Ƙura ce da ciwon baya, kuma ba su tambayi mai gida addininsa ba. Suka kuma koma a shekarun da suka biyo.

Mun yaba. Amma yabo kaɗai zai zama rufa-rufa, domin akwai tambayar da ta wajaba: yaya aka yi a ƙasar da ta fi kowace dukiya, bayan shekara huɗu, talaka yana jiran tsohuwa mai guduma kafin ya kwana a ɗakinsa?

Ba rashin kuɗi ba ne. Jihar Luwiziyana ta raba biliyoyin dala na gwamnatin tarayya ta wani shiri mai suna Road Home. Sai dai an yi lissafin kason mutum bisa darajar gidansa kafin ambaliya, maimakon kuɗin da gyara zai ci. Alhali farashin katako da ƙusa ɗaya ne a kowace unguwa. Mai gida a unguwar masu hali ya samu abin da ya ishe shi, mai gida a unguwar baƙaƙen fata, inda gidaje ba su da tsada, ya samu abin da bai kai shi ko'ina ba. Har kotu aka je, aka sasanta a 2011. Wasu kuma ƴan kwangilar ƙarya suka amshe ɗan abin da suka samu suka ɓace. Ma'aikacin gwamnati da ke karanta mu ya san yadda layi guda cikin takardar doka ke iya zaluntar dubbai ba tare da kowa ya saci ko dala ba. Wannan giɓin ne matan nan suka shiga cikewa da hannuwansu, gida bayan gida, kuma su da kansu ba su taɓa iya cike shi duka ba.

Mu nan ba baƙin ruwa ba ne. A 2020 katangar Lamorde ta ɓalle a Yamai. A 2024 ruwan sama ya rusa gidaje bila adadin a Maraɗi da Tawa da Damagaram, har tsohon masallacin Birni ya faɗi. Mun san yadda abin ke tafiya: manya su zo da motoci, a jera buhunan shinkafa da tabarmi da gidan sauro, a ɗauki hoto. Ana tsugunar da iyalai a lakwal, in komawa aji ta ƙarato a ce su tashi. Su tafi ina? Mai ɗakin laka ya koma kan kufansa, ya sake kwaɓa ƙasar nan a hanyar ruwan nan, yana jiran damina mai zuwa.

Agajin kwana bakwai yana da farin jini saboda ana ganinsa. Gini kuwa na son wata da watanni, da lissafi, da wanda zai dawo ya duba. Attajiranmu ba su da rowa, kowa ya shaida abin da suke fitarwa da azumi. Muna roƙon kashi ɗaya daga ciki ya koma siminti da kwano da ladan magini, a kan gidajen da aka ƙidaya da sunan masu su. Gayya ba Amurka ta koya mana ba, a gonakinmu muka gaje ta, kuma samari majiya ƙarfi sun cika kowace fada.

Hukuma kuwa nata kason ba ya faɗuwa don wani ya yi sadaka. Ita ke ba da fili, ita ta san wane fili ne ke bakin gulbi, ita ke da alhakin magudanai da katangu. Magadan gari su fito da jerin waɗanda gidajensu suka rushe, da abin da aka ba kowa, su manna a ƙofar ofis kafin hadarin farko ya haɗu.